Kujerar da Aka Ce An Ɗaure

An yi wani mutum mai ƙaramar jif, irin mai ƙofa biyun nan ta shiga daji. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya wanke fuskarsa. 'Yarsa ɗaya, shekararta ɗaya da rabi, yana ce mata 'Yar Baba.

Matarsa ce ta nemo wa yarinyar kujerar mota, kuma ba da ka ta saya ba. Ta auna nauyin 'yar, ta auna faɗin bayan motar da igiya don wurin matsattse ne, sannan ta zaɓi mai kallon baya. Ɗaura ta kuwa aiki ne. Sai ka kwantar da kujerar gaba, ka kutsa a durƙushe, ka zura bel ɗin mota ta inda aka nuna, ka danne da gwiwa, ka ja har ya ƙi jawuwa. Ita ta yi wannan tana gumi, shi yana tsaye yana latsa waya.

Ran nan abokansa suka zo za a tafi yawon daji. Ɗaya ya leƙa baya ya kwashe da dariya. "A'a, Mai Jif! Yaushe ka koma reno? Saura zanin goyo."

Kunya ta kama shi inda babu abin kunya. Ya kwance kujerar ya jefa a gareji.

Washegari zai kai yarinyar gidan kakarta. Ya ɗauko kujerar ya ɗora. Ya dubi lakar jiya a ƙasan motar, ya dubi farin wandonsa. Ya ce a ransa ai tafiyar minti goma ce. Sai ya yafa bel a kai, yadda mai leƙe zai ɗauka an ɗaure.

Matar ta fito da 'yar a kafaɗa. "Maigida, ka ɗaure ta sosai?"

"Haba, ke dai! Sai ka ce yau na fara tuƙi. Na ɗaure."

Ta miƙa hannu ta zaunar da yarinyar, ta maƙala mata igiyoyin ƙirji, ta ce su dawo lafiya.

Ya 'yan uwa, me amfanin a ɗaure yaro a kujerar da ita kanta ba a ɗaure ba?

Ba gudu yake yi ba. Mai keke ne ya gitta, maigidan ya taka birki, taya ta faɗa kwata. Kujera ta taso da yarinya a ciki ta bugi ƙarfen gefe. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafa ta karye, goshi ya sha ɗinki bakwai.

A asibiti likita ta tambaya ko an ɗaure kujerar. Matar ta riga shi magana. "An ɗaure, likita. Babanta ne ya ɗaure da hannunsa." Ta juyo ta dube shi don ya gaskata ta.

Ya sunkuyar da kai.

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Tun daga ranar, in ya ce ya kulle ƙofa sai ta tashi ta duba. In ya ce ya ba yarinya magani sai ta ƙirga ƙwayoyin. Ya rabu da motar, bai rabu da abin ba. Har yau in ya dawo aiki 'Yar Baba kan taho da ɗingishinta tana "Baba oyoyo", shi kuwa ya kasa kallon goshinta.

Tsoron dariyar aboki ne ya kwance kujerar, girman kai ya hana durƙuso, ƙarya ta rufe. Ina abokin yau? Ina farin wandon? Yaro amana ne, ba shi da bakin da zai ce Baba, kujerata tana rawa.

Ni ma ba zan ɓoye muku ba. Da na ji labarin nan na fita na kama kujerar ɗana na girgiza. Ta motsa fiye da faɗin yatsa biyu, kuma wata guda ke nan muna yawo a haka. Na durƙusa a wurin na sake ɗauri, ina jin kunyar yaron da bai ma san me ake ciki ba.

Ku je ku girgiza taku yau, kada ku tsaya tambaya.

Allah ya kiyaye mu da cewa mun yi abin da ba mu yi ba, ya tsare mana 'ya'yanmu daga sakacin hannunmu. Amin.