Baba Jatau da Surukansa Huɗu a Filin Besbol

Dalilin da ya sa a wasan besbol mutum zai doki ƙwallo, ya isa tasha lafiya lau, amma mai rubutu ya hana shi makin bugu, ku matso ku ji, yara, daga kan Baba Jatau aka fara. Tatsuniya ce fa, kada wani ya rubuta ta a jarrabawa.

A da can, a wani gari bayan dutse, wasan ba shi da wuyar lissafi. A jefo maka ƙwallo, ka doke ta da kulki, ka sheƙa zuwa tasha. In ka riga ƙwallon isa, Malam Cindo mai rubutu ya ja maka layi ɗaya a littafi. Ƙarshen shekara, wanda ya fi kowa layi shi ke riƙe kulkin gari na icen kanya.

Ƙungiya biyu ce a garin, Gabas da Yamma. Baba Jatau na ƙungiyar Yamma ya haura sittin, bugunsa ko kaza ba zai kora ba. Amma shekara uku kulkin nan na rataye a ɗakinsa. Ga sirrin: 'ya'yansa mata huɗu duk a Gabas suka yi aure, mazajensu kuwa su ne masu tsaron fili na ƙungiyar Gabas. Kun san kunyar suruki. Ƙwallo za ta gangaro wajen Sallau, mijin babbar 'yarsa, da ya hango Baba tafe yana haki sai ya durƙusa ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Ƙwallo ta wuce abinta, Malam Cindo ya ja layi.

Wanda abin ke ci wa rai shi ne Barau maƙeri, ɗan Yamma, wanda in ya doki ƙwallo sai an nemo ta a gonar rogo. A shekara ta huɗu ya tashi da layi arba'in, Baba da arba'in da ɗaya. Ranar miƙa kulki Barau ya kasa haƙuri.

Ya ce, "Malam Cindo, a yi mini afuwa. Ni ƙwallo nake doka, Baba kuwa gaisuwa yake karɓa."

Baba Jatau ya fusata, don shi har ga Allah ya ɗauka gwani ne. Ya juya ga Sallau ya ce, "Kai, ka taɓa sakin ƙwallona da gangan?"

Sallau ya durƙusa, ido a ƙasa. "Baba, ba da gangan ba ne. Hannun ne ba ya yarda."

Fili ya ɗauki dariya. Baba bai yi ba, abin ya yi masa zafi sosai. Ya juya kulkin a hannu, sannan ya ce, "Malam, buɗe littafin. Duk ƙwallon da ya kamata a kama aka saki, goge mini layin, ka rubuta kuskure a kan wanda ya sake ta."

Malam Cindo ya ce, "Tashar fa, Baba?"

"Tasha da ƙafata na je, ba mai dawo da ni. Amma ka ƙirga cewa na fito bugu ban samu ba."

Malam Cindo, wanda ba ya manta wasa ko ɗaya, ya yi ta gogewa, surukai suna ta kwasar kuskure. Sallau kaɗai ya tashi da goma sha tara. Daga ƙarshe layi ɗaya tal ya rage, na ranar da surukan duka suka tafi sunan ɗan Sallau, aka sa baƙi tsaron fili.

Baba ya leƙa littafin. "Wannan nawa ne?"

"Naka ne, Baba, halak malak."

Sai ya washe baki, ya miƙa wa Barau kulkin da hannu biyu. Layuka arba'in ɗin da aka goge bai sake ambatar su ba, amma guda ɗayan nan, har ya bar duniya duk baƙon da ya zo gari sai ya sha labarinsa.

Shi ya sa har yau, in mai tsaron fili ya saki ƙwallon da ya kamata ya kama, mai bugu zai tsaya a tasharsa, amma ba a rubuta masa bugu, a kan wancan ake rubuta kuskure. Kuma in kun lura, wanda ya saki ƙwallon har yanzu kai yake sunkuyarwa, kamar ya hango surukinsa.