Tunkiyar Tasalla da Tumbin Hakimi

An yi wani hakimi a gindin dutse, Maikano, wanda tumbinsa ke riga shi shiga zaure. Ya ji labarin tumakin kan dutse, wai nononsu kaɗan ne amma ga kauri ga maiƙo. Sai ya sa aka ƙwato tunkiyar wata tsohuwa, Tasalla, da ɗan da take shayarwa. Ɗan ya sha wuƙa, hakimi ya cinye shi balangu. Tunkiya kuwa ta riƙe nono, ko ɗigo.

Aka kira Tasalla fada. Hakimi ya ce, "Ki cika ƙwaryar nan kafin azahar, ko in kwashe garkenki."

"Ranka ya daɗe, za a ba ni abin da tatsa ke bukata?"

"Ko mene ne. Jama'a shaida."

"To, tunkiyar dutse ba ta sakin nono sai ta sansana ɗanta, ya yi kuka, ya tunkuɗi hantsa. Ko ya ɓata ne?"

"Abu ba ya ɓata a gidana!" Ya shafa tumbi. "Yana nan."

"Alhamdu lillahi, ashe bai yi nisa ba. A kama wa mai girma ya durƙusa ta sansana. Kukan sau uku ne kacal."

Fadawa suka sunkuya, kafaɗu na rawa.

"Ja tunkiyarki ki fita!"

"Uwa da ɗa aka kawo, ranka ya daɗe. Ko a ba ni rago, ko ka sa takalmi mu hau dutse."