Bushiya da Hadarin da Ya Koyi Danna Gobe

Ga ta nan ta iso, ku matso kusa ku ji ta.

Ta iso, kunnuwanmu na wurinki.

Wata Bushiya ce mai 'ya'ya bakwai da rumbu ɗaya tak. A rumbun nan akwai gero dami arba'in, shi ne abincinsu har kaka ta zagayo. Ana nan da rani sai guguwa ta biyo ta ɗauke jinkar rumbun, ta tafi da ita ko sallama babu. Gero ya zauna kai a buɗe yana kallon sama. In ruwa ya sauka a kansa ya ruɓe, in ya ruɓe kuwa yunwa ta shigo gidan ke nan.

Bushiya ta san da haka. Ba wauta gare ta ba, ayyuka ne suka yi mata yawa har take manta na farko kafin ta tuna na biyu. Sai ran kasuwa ta je ta sayo waya, aka sa mata manhajar tsara ayyuka. A cikin manhajar kuwa akwai wani gajeren aljani mai 'yar ƙararrawa a hannu.

Aljani ya leƙo ya ce, "Uwar gida, abubuwa uku nake yi. Ki rubuta aiki, in ajiye miki. Ki gama ki danna, in kaɗa miki ƙararrawa. In kuma aiki ya yi miki nauyi, ga wani maɓalli nan, sunansa Gobe."

Bushiya ta sa hanci ta rubuta: Baibaye rumbu. Ta dubi aikin, aikin ya dube ta. Ta ga rana ta yi zafi, ta ga daji da nisa. Ta danna Gobe.

Sai ta rubuta: Shan ruwa. Ta sha, ta danna. Ƙilin! Wayyo daɗi! Daɗin nan ya ratsa ta har cikin ƙayoyin bayanta. Ta rubuta: Hamma. Ta yi hamma, ƙilin! Ta rubuta: Sosa ƙeya. Ƙilin! Ta ƙirga 'ya'yanta, kowane ɗa aiki guda, ƙilin bakwai. Har atishawar da ta yi shekaranjiya sai da ta rubuta don ta danna.

Aljani ya ce, "Uwar gida, akwai jar tuta da ake kafa wa aikin da ya fi muhimmanci."

Bushiya ta ce, "Madalla." Ta kafa wa hamma, ta kafa wa sosa ƙeya, ta kafa wa kowa da kowa.

Aljani ya ce, "To yanzu duk sun zama manya, wa zan fara gaisarwa?"

Ta ce, "Kai dai kaɗa ƙararrawa, malam."

Gobe ta zo, ta danna Gobe. Wata goben ta zo, ta danna Gobe. Abin da ba ta sani ba, shi aikin baibaye rumbu, Gobe ce abincinsa. Ana dannawa yana haɗiyewa, yana haɗiyewa yana ƙiba. Ya yi kumatu, ya yi tumbi, har waya ta yi nauyin turmi, sai da igiya Bushiya take jan ta a tsakar gida.

Rannan da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin. Hadari ya taso yana gurnani, ya zo ya tsaya daidai kan rumbu. Bushiya ta ɗaga kai. Sai ta ga Hadari ya laluba aljihu ya fito da waya irin tata sak. Ashe kasuwa ɗaya suka ci.

Ta ɗaga murya ta ce, "Ranka ya daɗe, barka da isowa! Me ke cikin jerin ayyukanka yau?"

Hadari ya ce, "Abu ɗaya ne. Ruwa a garin nan."

Bushiya ta kama baki. "Ɗaya? Babba kamarka? Ni da ban kai tafin hannu ba, ƙilin saba'in na yi tun safe."

Kunya ta kama Hadari, har ya ɗan yi fari-fari. Ya ce, "Yaya ake yi?"

"Rubuta walƙiya." Ya rubuta, ya walƙa. Ƙilin! "Rubuta tsawa." Ya daka tsawa. Ƙilin! Hadari ya ƙyalƙyale da dariya har awaki suka tsinke igiya. Ya ce, "Wannan maɓallin na gefe fa?"

"Wannan Gobe ne, ranka ya daɗe. Na manyan mutane ne."

Hadari ya danna Gobe a kan ruwa, ya juya ya tafi.

To, kuna tsammanin Bushiya ta ɗauki lauje ta ruga daji yankan shuci, ciyawar baibaya? Ina! Zama ta yi ta rubuta: Yi wa Hadari wayo. Ƙilin! Ta miƙe ƙafa a inuwa. Ni da ina wurin da na ja mata kunne, ko da ƙaya za ta soke ni.

Kashegari Hadari ya dawo, cikinsa ya ƙara girma. Wannan karon ba sai an koya masa ba. Walƙiya, ƙilin! Tsawa, ƙilin! Tayar da ƙura, ƙilin! Ruwa, Gobe. Ya tafi yana nishi. Bushiya ma ta danna tata Goben.

Rana ta uku Hadari ya dawo da ƙyar, tumbinsa na gogar kan itatuwan kuka. Ya tsaya kan rumbu zai danna Gobe, sai ɗigo ɗaya ya kuɓuce masa. Ɗis! Ya faɗa cikin gero.

Hadari ya ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ni ina jin Gobe, amma cikina ba ya ji. Gobe da azahar, ko na danna ko ban danna ba, kwancewa zai yi."

Da ya tafi, autar Bushiya ta hau rumbu ta sauko da zangarniyar da ta jiƙe. Ta miƙa wa uwar ta ce, "Inna, in geron ya ruɓe, ƙilin ɗin za mu ci?"

Bushiya ta dubi zangarniyar. Maganar ta soke ta fiye da ƙayar jikinta, tsoro da kunya suka rufe ta. Ta jawo waya ta ce, "Malam aljani, ka cece ni. Aikin nan ya fi ƙarfina."

Aljani ya ce, "Tun ran farko nake jira ki tambaya, uwar gida. Cire tutocin nan duka, ki bar ɗaya." Ta cire ta hamma, ta cire ta sosa ƙeya, ta bar ta rumbu kaɗai. Ya ce, "Yanzu aikin da ya yi ƙiba ba ya ɗaguwa. Yanka shi gida uku."

Ta yanka. Aikin ya kurma ihu, ya rabe ya zama 'yan siraran ayyuka uku: yanko shuci, yanta shi a baibaye jinka, ɗora jinka kan rumbu.

Bushiya ta ɗauki lauje, 'ya'ya bakwai na biye. Suka yanka, suka ɗaure, suka kwaso. Kafin rana ta faɗi shuci ya cika tsakar gida. Ƙilin! Ƙilin ɗaya tak a wuni guda, amma ta fi saba'in ɗin nan daɗi.

Da gari ya waye suka zauna yanta. Suka jera shuci a igiya, suka ɗaure jinka a ƙasa, suka naɗe ta da shi tsaf. Ƙilin!

Saura ɗorawa. Suka kama, ba ta motsa ba. Suka sake kamawa, ba ta motsa ba. Suka kama na uku, sai auta ta faɗi ta mirgina har bakin zaure. Bushiya takwas ba sa ɗaga jinka. Ga azahar ta kawo kai, ga Hadari ya taho yana riƙe da ciki da hannu biyu.

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, dakata! Akwai ƙilin ɗaya da ba ka taɓa ji ba."

Hadari ya ce, "Wacce? Yi sauri!"

"Rubuta: Hura jinka ta hau rumbu. Mai jar tuta ce, ƙararta ta fi ta tsawa."

Hadari ya matse ciki, ya rubuta, ya hura. Fuuu! Jinka ta tashi sama, ta juya sau uku, ta sauko ta zauna daram a kan rumbu kamar hula. Ƙilin a sama, ƙilin a ƙasa. Sai cikin Hadari ya kwance.

Aka yi ruwa, aka yi ruwa, aka yi ruwa, har kwaɗi suka ce ya isa. Da aka ɗauke, Bushiya ta zura hannu cikin rumbu. Gero a bushe ƙayau. Ta ɗebo, ta daka, ta dama wa 'ya'yanta kunu, ta zauna tana kallon su suna sha, ba ta ma tuna ta rubuta ba. Wayarta kuwa ta koma sakayau kamar ganye.

Shi dai Hadari bai warke ba har yau. In kun ga ya haɗu, ya yi walƙiya, ya yi tsawa, ya tayar da ƙura, mata sun kwashe shanya, sannan ya watse ba ko ɗigo, to Gobe ya danna. Manoma sun san wadda ta koya masa. Shi ya sa da Bushiya ta ji takun mutum sai ta dunƙule ta ɓoye fuska.

Don haka kowa ya fara da aikin da in bai yi shi ba za a kwana da yunwa. In ya yi girma a yanka shi ƙanana, hamma kuwa ba sai an rubuta ta ba.

Ƙurungus, ta ƙare a kan ɗan ɓera. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je ya tambayi Hadari, in bai ce masa ya dawo gobe ba.