Ranar da Ruwan Kifi Ya Washe

Akwai wani mai renon dashen tumatir da barkono a bayan gidansa, wanda kowa ke kira Yanzu-Yanzu. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, amma Allah bai ba shi haƙurin jira ba. Shi ne zai shuka iri da safe, da yamma ya tona da yatsa ya ga ko ya tsiro.

Matarsa tana kiwon kifin karfasa a tankin siminti kusa da dashensa. Ruwan tankin kore ne shar saboda gansakuka, kuma da gangan take barinsa haka, domin gansakukar ce abincin 'ya'yan kifin, waɗanda ko tsawon farce ba su kai ba. Su ne na farko da kifayenta suka ƙyanƙyashe a hannunta, tana ji da su kamar jikoki.

Wata rana babbar 'yarsu, mai aiki a ɗakin binciken tsirrai, ta zo gaishe su da wata 'yar kwalba a jaka.

"Baba, ga abin da muke gwaji da shi," in ji ta. "Akwai wasu ma'adanai masu wuyar samu a ciki, lantanum da seriyum. Kaɗan ɗinsu kan ƙara wa tsiro kuzari, amma in sun yi yawa guba ne. Ɗigo biyar a garwa guda, sau ɗaya a mako. Biyar fa, Baba."

"Haba, ni za ki koya wa biyar? Tun kafin a haife ki nake da yatsu."

Makon farko ya bi ƙa'ida, dashen kuwa ya yi kyau har maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Nan fa kansa ya kumbura. Ya ce a ransa, in ɗigo biyar sun yi wannan aiki, ina ga rabin kwalba? Ya tuttula a garwa ya shiga ban ruwa. Da yake famfo yana can ƙarshen tsakar gida, sai ya riƙa tsoma garwar a tankin matarsa yana ɗiba, har ragowar maganin a nan ya ɗauraye.

Kwana uku bayan haka ruwan tankin ya washe garau, har ana hango ƙasansa. Yanzu-Yanzu ya ƙwala kira cike da murna.

"Maman yara, zo ki ga ikon Allah! Na wanke miki ruwan nan kyauta!"

Ta fito, ta leƙa, ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo ni! Malam, ka kashe musu abinci! Me za su ci?"

Sai a lokacin ya lura 'ya'yan kifin suna ta zagaye a saman ruwa, bakuna a buɗe. Ya juya ga dashensa, ya ga ganye ya soma yin rawaya. Kunya ta rufe shi, tausayin matarsa ya kama shi.

Aka kira 'yar a waya, ta zo da gudu. Ta ciro tsiro ɗaya ta nuna masa saiwar, ta gajarce ta yi baƙi. "Ka ga, Baba, ba ta iya jan abinci daga ƙasa. Gansakukar ma haka maganin ya yi mata. Garin neman ƙiba an samo rama."

Suka kwashe 'ya'yan kifin da rariya zuwa robobin wanki. Yanzu-Yanzu ya tuɓe riga ya shiga tanki da burushi ya goge shi tas, aka zuba sabon ruwa. Shi ne kuma ya je wurin wani mai kiwon kifi ya roƙo bokitin koren ruwa a yi iri da shi, mutane suna tsokanarsa a hanya wai ina za a kai ruwan kwata.

"To yaushe zai yi kore?" ya tambayi 'yarsa.

"Kwana goma, in rana ta fito sosai."

"Babu abin da za a ƙara ya yi sauri?"

Uwa da 'ya suka haɗa baki: "Babu!" Har shi sai da ya yi dariya.

Kwana goman nan shi ya zama uwar kifi. Sau huɗu a rana yake murje gwaiduwar dafaffen ƙwai yana barbaɗa musu a robobi, yana sauya musu ruwa. Wasu sun mutu, kuma kowanne ya tsamo sai ya nemi gafarar matarsa. Dashensa kam ya tafi gaba ɗaya.

Rana ta goma sha ɗaya da safe ya leƙa tanki, ya gan shi kore shar. Ya cire hula ya kama rawa a tsakar gida, yara suna tafa masa. Aka mayar da kifin, fiye da rabi sun tsira, suka bazu suna kiwo.

Matarsa ta share hawayen murna da gefen mayafi. "Malam, shekararmu talatin tare, yau na fara ganin ka jira wani abu har ya zo da ƙafarsa."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da ke gyara in an auna shi, shi ne ke ɓatawa in an wuce gona da iri. Mu bi ƙa'idar da masani ya ba mu, mu kula da inda muke wanke kayan magani, domin ɓarnar ba ta tsayawa a kan namu kaɗai. Wanda ya ƙi jiran mako guda, wata rana zai jira fiye da haka da ban haƙuri a bakinsa.