Kwando Goma na Alhaji Gambo

Yau kan masu ɓoye ni'ima zan yi magana, masu cin kaza a ɗaka su fito suna kukan yunwa. Ku saurara.

An yi wani mutum a wani garin masu noman rani, ana ce masa Tanimu, bawan Allah, fadamarsa ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Tumatirin garin nan kullum a bakin titi yake ruɓewa, ana jiran motar da ba wanda ya san ranar zuwanta. Sai ƙungiyar manoma ta haɗa kai da wani kamfani: kowa ya gaya wa wayarsa kwando nawa zai tsinka ranar Laraba, kamfani ya aiko mota daidai kayan. Amma fa abin da kowa ya faɗa yana fitowa a wayar kowa.

Nan hankalin maƙwabcin Tanimu, Alhaji Gambo, ya tashi. Kwando saba'in gare shi, ga surukai masu jiran rabo, ga liman da maganar rufin masallaci. Ya latsa goma. Ya kuma ja Tanimu gefe, wai shi ma ya rage, baki na kashe shuka.

Tanimu ya ce, "Alhaji, bakwai ne da rabi. In na rage, me ya saura?" Haka ya gaya wa wayar, har da bayanin cewa rabin nan akuya ta ɗanɗana.

Laraba mota ta zo kamar tela ne ya auna ta. Ana gama lodi sai ga amalanken Alhaji a jere. Direba ya duba waya, ya ce goma ya gani, wurin goma ya bari. Alhaji ya yi tari, wai albarka ce ta sauka daga baya.

"Allah ya ƙara, Alhaji," in ji direba, "amma motar ba ta samu albarkar ba."

Tanimu ya ji tausayi, ya sauke rabin kwandon nan nasa, ya ba shi wurin. Mota ta tashi.

To jama'a, ramin ƙarya ƙurarre ne. Tafiyar haɗin gwiwa gaskiya ce fetur ɗinta, waya kuwa abin da ka gaya mata shi za ta kai. Kai da ke sunkuyar da kai a can baya, da kai nake.

Kwando hamsin da tara aka bar wa Alhaji a rana. Surukai suka ƙirga da ƙarfi, suka kwashi tara. Hamsin, kafin ya samu masu yanka su shanya, sun zama ruwa.