Dardumar da Aka Manne a Ɗakin Makiyayi

Ranar Asabar, tara ga watan Agusta na bara, da ƙarfe goma na safe, aka fara zaluncin da zan yi magana a kansa yau. Na san ranar domin na rubuta ta, na san lokacin domin ina tsaye a wurin. A ranar ne aka shimfiɗa jan kafet a gidan da ikilisiyar nan ta gina wa fasto, aka manne shi da gam daga bango zuwa bango.

Ni ce Afiniki Dogara. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa a firamare kafin in yi ritaya, kuma rabin waɗanda ke zaune a wannan aji na manya sun taɓa miƙo mini littafinsu in duba. Kun san ba na ba da maki inda ba a ci ba, ba na kuma hanawa inda aka ci. Darasin da aka ba ni na yau na ajiye shi. Ku rufe littattafanku, ku ji misali.

Akwai wani mutum mai garken tumaki da yawa. Ya ɗauko makiyayi daga wani gari mai nisa domin ya yi masa kiwo. Makiyayin ya zo da matarsa da 'ya'yansu uku. Babbar ba ta isa aike ba tukuna, na biyun yana koyon cin tuwo da hannunsa, ƙaramin kuwa rarrafe yake yi.

Mai garken ya gina musu ɗaki a tsakiyar damina. Da aka gama daɓe, maginin ya ce, "A bar shi ya sha iska wata guda. Kada a rufe shi." Amma mai garken ya riga ya gayyaci manyan baƙi su zo ganin ɗakin bayan kwana bakwai. Sai ya tafi birni ya sayo darduma ja mai kauri, mai laushi ƙwarai, ya ce a shimfiɗa ta, a manne ta da danƙo don kada ta motsa.

Matar makiyayin ta durƙusa ta ce, "Baba, mun gode. Amma yarana a ƙasa suke ci, a ƙasa suke wasa, a ƙasa suke barcin rana. Ka bar mini daɓen haka. In kunu ya zube in wanke, in ƙaramin ya yi fitsari in goge. Ina da tabarmi biyu, su ana fitar da su rana."

Mai garken ya yi dariya ya ce, "Tabarma? A ɗakin da na gina? Baƙi su zo su ga makiyayina a kan kaba? 'Yar nan, ba ki saba da abu mai kyau ba ne. Za ki saba."

Makiyayin ya koma wurin tumakinsa, gama ba shi ya gina ɗakin ba.

Baƙi suka zo, suka cire takalma, suka nutsa ƙafafunsu cikin dardumar, suka yabi mai garken ƙwarai. Suka sha ruwa, suka tafi. Matar kuwa ta zauna da ita.

Kowace safiya tana shara, tsintsiya tana ƙara tura datti ciki. In kunu ya zube sai ta durƙusa da soso da sabulu, wurin ya yi kwana biyu bai bushe ba. Ta hana yaran ci a ɗaki, suka koma ci a bakin ƙofa, ruwan sama yana feso musu. Wata rana na biyun ya kifar da miya, ta mare shi, ta koma bayan ɗaki ta yi kuka, domin ba halinta ba ne. Duk da haka wari ya tashi a ɗakin, wari mai nauyi irin na rigar da aka naɗe da danshi. Ƙaramin, wanda hancinsa ya fi na kowa kusa da ƙasa, ya kama tari. Sau biyu ta je wurin mai garken tana roƙo a ɗaga dardumar a duba. Ya ce, "Wanda ya taɓa ta, ni ya taɓa."

Wata rana mai garken ya shigo ɗakin, ya toshe hanci, ya fita. Bai yi wa matar magana ba, bai kuma kira mijinta ba. Ya jira ranar kasuwa, ya tsaya inda jama'a suka fi yawa, ya ɗaga murya ya ce, "Matar makiyayina ƙazama ce! Na ba ta ɗakin sarakai, ita da 'ya'yanta sun mai da shi turke. Zan sallame su." Mutane suka yi dariya. Daga ranar, in ta kai abinci gidan biki, da murfinsa yake dawowa.

Akwai wani babban akwati a kusurwar ɗakin, wanda aka ajiye tun ranar da aka shimfiɗa dardumar, sai maza huɗu suke iya ɗaga shi. Matar ta kira maginin da maƙwabta, ta roƙe su suka janye shi. Dardumar da ke ƙarƙashinsa ja ce wur, kamar ranar da aka sayo ta, ko ƙafa ba ta taɓa takawa ba. Ta ɗauki wuƙa ta yanka ta, ta ɗaga. Sai ga bayanta baƙi ƙirin da fumfuna, daɓen yana tsattsafo da ruwa, wari ya kori mutane zuwa ƙofa.

Ta dube su ta ce, "Wane ɗana ne ya shiga ƙarƙashin akwatin nan ya yi fitsari?"

Sai maginin ya ce, "Ai na faɗa."

Aka kira mai garken. Ya duba, ya ce, "A mai da akwatin." Kashegari ya sami makiyayin a bayan garke, inda ba mai ji sai tumaki, ya ce masa, "A yi haƙuri. Ka gaya wa mai ɗakinka. Zan sayo muku wata dardumar." Ya tafi gida da zuciya fara. Amma a kasuwa, har yau, sunan matar ƙazama.

To, ga ma'anar misalin, kuma zan buɗe shi sarai domin kada wani ya fita yana cewa bai gane ba.

Kashi na farko naku ne duka, musamman ku masu sabon gini da ƙananan yara. Ƙasan ɗaki na wanda yake rayuwa a kai ne. Baƙo tafin ƙafarsa kaɗai ke taɓa shi, na ɗan lokaci. Yaro kuwa da cikinsa yake taɓa shi, da tafin hannunsa, da bakinsa, tun safe har yamma. Ban ce kafet zunubi ne ba. A falona akwai shi, amma autana shekararsa talatin da ɗaya, kuma ban manne shi ba. Ban kuma ce tayil da siminti ba su da aibu ba. Suna da sanyi, suna da santsi in an zuba ruwa, na kuma ga goshin yara da yawa da suka fashe a kansu. Maganin wannan tabarma ce, ko ƙaramar darduma da mace ɗaya za ta iya naɗewa ta wanke ta shanya. Abin da ba ya ɗaguwa, ba ya wankuwa, ba ya ganin rana, kada ya shiga ɗakin mai rarrafe. Kuma kafin maigida ya yanke shawara, ya tambayi mai riƙe da tsintsiya. Ita ta san ɗakin.

Haka yake kuma a cikin zuciya. Duk abin da muka rufe da sauri domin idon baƙi, bai tafi ba, ruɓewa yake yi a ƙasa. In wari ya tashi, sai mu nemi wanda ba shi da bakin magana mu ɗora masa. Ubangiji ba baƙo ba ne. Ba ya tsayawa a bakin ƙofa yana yaba launi.

Kashi na biyu yana da sunaye. Mai garken shi ne majalisar dattawanmu, bakinta kuwa Baba Gayus Ɗanbaba. Makiyayin Fasto Habila ne. Matar ita ce Mama Bilhatu, wadda ta roƙa a bar mata siminti ko a sa tayil, a gabana, a gaban Malam Irmiya magini, wanda shi ma ya ce simintin bai bushe ba. Baƙin su ne manyan gunduma da suka zo keɓe gidan. Kasuwar kuwa ɗakin sujadar nan ne. Ranar Lahadi, ɗaya ga watan Maris, a lokacin sanarwa, bayan an faɗi ranar koyon waƙa, Baba Gayus ya riƙe makirufo ya ce, "Gidan da muka gina ya zama turken awaki, domin wasu matan ba su san inda ake sayar da tsintsiya ba." Mace ɗaya ce a gidan nan. Kowa ya waiwaya ya dube ta. Kuka yi dariya. Na ji ku, na kuma san muryoyinku tun kuna aji ɗaya.

Ni ban yi dariya ba, amma ban tashi ba. Ina zaune a benci na uku, na san gaskiya tun watan Agusta, na yi shiru domin kada a ce tsohuwa ta ɓata sujada. Wannan laifina ne, ba na kuma neman a rage mini shi.

Tun daga ranar, Mama Bilhatu a bencin ƙarshe take zama, tana fita kafin a sa albarka. A taron zumuntar mata ta kawo kunun gyaɗa cike da bokiti, ta koma da shi cike. Ku matan da kuka ce kun ƙoshi, na gan ku kuna shan zoɓon wata. Abin da ya hana ni ci gaba da shiru kuwa shi ne 'yarta Zibiya, mai shekara biyar, da ta ja mini zane a ƙofar ajin yara ta ce, "Kaka, mene ne ƙazama? Yara sun ce sunan mamana ke nan."

Ranar Alhamis, sha biyu ga Maris, Mama Bilhatu ta kira ni da Malam Irmiya da mata biyu. Aka janye kabad ɗin littattafan fasto, wanda bai motsa ba tun ranar da suka tare. Abin da kuka ji a misali, shi muka gani. Na yanko guntun kafet ɗin, yana cikin leda a jakata. Mai shakka ya zo bayan aji ya shinshina.

Na sami Baba Gayus a gidansa na ce, "Baba Gayus, yaushe za ka tsaya gaban jama'a?"

Ya ce, "Haba Malama Afiniki, magana ai ta wuce. Na ga Fasto a bayan ɗakin janareta, mun fahimci juna."

Na ce, "Fasto ka zaga?"

Ya ce, "To, dattijo kamar ni ya riƙe makirufo yana ba sa'ar 'yarsa haƙuri? Ina girman yake?"

Na ce, "Ranar da ka zage ta, makirufon bai yi maka nauyi ba."

Ya yi tsaki ya ce, "Ke dai har yanzu jan biro ne a hannunki."

Na ce, "Har yanzu, kuma bai ƙafe ba."

Ba na ƙin Baba Gayus. Na koyar da 'ya'yansa biyar, kuma rufin da muke zaune a ƙarƙashinsa da ƙoƙarinsa aka yi shi. Amma amsar da aka rubuta ba daidai ba a kan allo, a kan allo ake gyara ta, gaban ajin da ya kwafe ta. In malami ya gyara a cikin aljihunsa, yara za su tafi gida da kuskuren. Ku kun tafi gida da shi, kun ba 'ya'yanku, 'ya'yanku sun kai wa Zibiya.

Na kuma sani wasiƙar da majalisa ta rubuta wa gunduma, tana neman a canza mana fasto saboda "rashin kula da gida", tana nan a ofis ba a yage ta ba. A yage ta. A ɓamɓare kafet ɗin, a bar simintin ya sha iskar da aka hana shi wata bakwai. Kada wanda ya sayo wani abu kafin a tambayi Mama Bilhatu abin da take so a ƙasan ɗakinta.

Amma duk wannan gyaran ɗaki ne. Gyaran suna dabam yake, shi nake nema. Lahadi mai zuwa, a lokacin sanarwa, da makirufon nan dai, Baba Gayus zai tsaya da dattawan da suka gyaɗa masa kai. Ba zan karɓi "in akwai wanda na ɓata wa rai" ba, domin mun san wadda aka ɓata wa. Zai kira sunanta. Zai ce ta gargaɗe mu ba mu ji ba, warin daga gaggawarmu ya fito, ba daga hannunta ba. Ni zan fara tashi daga benci na uku in roƙi gafarar shiruna, duk wanda ya yi dariya kuma ya tashi tare da ni. A kawo yara daga ajinsu su zauna a gaba, Zibiya a cikinsu, domin su ji da kunnensu.

A gaban jama'a aka kira ta ƙazama. A gaban jama'a za a ce, "Mama Bilhatu, mun yi miki ƙarya. Ki gafarta mana."