Garin da Ake Sallama Sau Biyu

Dalilin da ya sa mutanen wani ƙaramin gari a ƙasar Jamus suke yi wa matafiyi sallama sau biyu, ku matso ku ji, yara.

A zamanin da, kogin garin a miƙe yake sak kamar zare. Mazan garin sana'arsu saran itace a dajin kan duwatsu. Sukan ɗaure gumaguman wuri ɗaya, su hau kai, ruwa ya tafi da su har bakin teku inda ake ƙera jirage. In sun tafi lokacin da ƙanƙara ta narke, sai ganyaye sun yi ja sun zube suke dawowa. Wani ma ba ya dawowa.

Akwai wata mace, Gundula, mai gonar tuffa da ta gada daga mahaifiyarta a bayan gari. Mijinta Wendelin yana cikin masu tafiyar. Duk shekara takan raka shi bakin ruwa, amma kogin akwai gudu. Kafin ta buɗe baki ta ce ya sauka lafiya, hazo ya haɗiye shi.

Wata shekara tana da juna biyu, ba ta faɗa masa ba, tana jiran ranar da ta dace, har tafiya ta matso. Da safe ta sauka bakin kogi, hazo kwance a kan ruwa kamar auduga, ƙarar ƙararrawar coci tana zuwa daga nesa. Ta tsoma ƙafa a ruwa ta ce, "Baba Kogi, ba za ka ɗan rage sauri ba?"

Ruwan ya yi motsi a hankali, ya ce, "'Yata, ni ba na tsayawa. Teku na jirana."

"To ko lanƙwasawa?"

"Wannan zan iya, in na sami wurin bi. Amma inda na bi, nawa ne har abada."

Gundula ta waiga ta dubi gonarta. Itatuwan sun yi fure fari fat, kuma kowanne da hannun mahaifiyarta aka dasa shi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Bi ta can."

Kogi ya karkata, ya ratsa gonar, ya zagaye garin kamar hannun uwa, furanni suna yawo a kansa.

Ranar tafiya, Wendelin ya hau gungume, ruwa ya ja shi kamar kullum. Gundula ta tattare zane, ta haye ɗan tudun tsakiyar gari, ta gangara ɗaya gefen. Tana nan zaune, sai ga shi ya ɓullo daga lanƙwasa, ruwa na kawo shi sannu sannu.

Ya ce, "Gundula, mafarki nake yi? Ba yanzu na baro ki ba?"

Ta ce, "Akwai maganar da ban gama ba, maigida. In ka dawo, mu biyu za ka tarar."

Ya saki sandar tuƙi ta faɗa ruwa, bai ko lura ba. Ya tsaya yana kallonta har hazo ya rufe su.

Shi ya sa har yau, in jirgi ya tashi daga garin, ba mai kuka a sallamar farko. Sai masu rakiya su ɗaga hannu, su haye tudu, su jira a ɗaya gefen. Maganar da ta fi nauyi a zuciya, a can ake faɗin ta.